Tarin Yaya Sani a Cikin Kiɗan Wani

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Sani makwancinsa a Kalgo, kuma har yau ban huce ba. Ba da mutuwa nake fushi ba. Da wani mawaƙin Gwandu nake, wanda ba zan ambaci sunansa ba, don ya sha faɗinsa da kansa a lasifika.

Yaya Sani mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, amma abin da ya fi so shi ne wasa da zaren kaset. Sai ya yanko guntun kiɗa da reza, ya haɗa bakin biyu da jan farcena, kiɗan ya yi ta zagayawa ba ƙarewa. Kwalabena nawa ya ƙarar, Allah kaɗai ya sani. Yana da ƙa'ida guda: wurin da kiɗa zai fara daban, wurin da zai riƙa komawa daban. Buɗewar makaɗi sau ɗaya ake jin ta, daga nan zare ya riƙa dawowa inda hannu ya zauna. Kuma ba ya yanka a kan bugu, sai a ɗan shirun da ke gabansa.

Wata shekara ya ɗauki kiɗan wani tsohon makaɗin kalangu na Dangoma da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa biki. Ana cikin ɗauka tari ya kufce wa Yaya, ya faɗa daidai cikin shirun da ya fi kowanne kyan haɗi. Ya gwada wasu wurare, ba su zauna ba, sai ya bar shi. Duk zagayowar kiɗan, sai ka ji ɗan tarin nan can ƙasa-ƙasa.

Mawaƙin nan ya zo da "abokina, abokina", ya karɓi kaset ɗin, ya ɗora waƙarsa a kai. Ta karɓu daga Kambaza har Birnin Kebbi. A wani biki a Masama, ina tsaye da kunnuwana, ya ce kiɗan daga wani inji ya yiwo shi a Legas. Da aka tashi Yaya ya matsa ya miƙa masa hannu. Mutumin ya dubi yaransa ya ce, "Ku ja da mai tarin ga baya, kar shi shafa muna." Yaya ya mayar da hannunsa aljihu. A mota ni ce na yi ta zagi har Kalgo. Damina na zagayowa tarin ya tafi da Yaya, mawaƙin ko gaisuwa bai aiko ba.

Daga baya na ji ya kai kaset ɗin an yanke masa tarin. Aka yanka a kan bugu, kiɗan ya riƙa tuntuɓe, masu rawa suka watse suna dariya. Dole ya koma wa na asali, kuma bai sake yin wata waƙa da ta kai ta ba.

Yau ina ganin masu haɗa kiɗa a waya suna jan layi da yatsa, nan farawa, nan komawa, in bai yi ba su sake. Na san da Yaya na raye zai so abin, zai kwana biyu yana dangwale-dangwale, sannan ya ce musu kunne dai ba a sayar da shi tare da wayar. Amma ina godiya da wayar ba ta zo da wuri ba, don da tuni an goge tarinsa daga waƙar.

Bara mawaƙin ya zo ƙofar gidana, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce, "Hajiya, ki yafe min abin da ya wuce."

Na ce, "Ba ni ka kora ba a Masama. Wanda ka kora yana cikin waƙarka, ka roƙe shi can."

An ce mini na yi tsauri. Wataƙila. Shagon Yaya ya zama wurin cajin waya, rezarsa ta yi tsatsa, ba wanda ya rubuta sunansa a jikin kaset. Tarin nan kaɗai ya rage, kuma duk inda aka sa waƙar sai ya dawo, ya sake dawowa. Allah ya jiƙan Yaya Sani. Shi kuwa mawaƙin, Allah ya ja kwanansa, ya kuma bar masa jinsa garau.