Gawon da Ya Tare Hanyar Rezo

A Agiye in ka ce kana neman Nomau, sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. In ka ce Nomau mai rezo, har mai tuyar ƙosai ta bakin tasha za ta nuna maka rumfarsa. Suna dai na manomi, amma wallahi rabon mutumin nan da hauya tun yana ɗan shekara sha bakwai. Ya bar lakol, wato makarantar boko, ya bi wani mai gyaran rediyo zuwa Maraɗi, daga rediyo ya koma salula, daga salula ya koyi haɗa intanet, abin da mutanen garin ke kira rezo. Da ya dawo gida sai ya sayo layi daga babban kamfani, ya kafa ƙarfe mai tsawo a bayan rumfarsa, yana rarraba wa ƴan kasuwa da malaman lakol da ma'aikatan buro, wato ofis. Mutum ne marar hayaniya, mai ƙaunar aikinsa, kuma yana da ɗan girman kai irin na wanda ya san abin da ƴan uwansa ba su sani ba.

Kilomita bakwai daga gari akwai ƙauyen Kwarin Sharifu, a cikin kwari kamar yadda sunan ya faɗa. Salula ba ta kamawa a can sai an hau tudu. Akwai ƙaramin asibiti, ɗaki biyu, da ungozoma guda mai suna Rahina. Ita ce ta zo wurin Nomau da kanta, ta ce in haihuwa ta zo da gardama ba ta da hanyar jin bakin likita ko kiran motar asibiti, sai ta bar mace a kwance ta yi gudu zuwa tudu. Nomau ya ce zai kai mata.

Ya zauna ya auna hanyoyi uku. Wayar jan ƙarfe da yake ja wa maƙwabta ba ta da ƙarfin nisa, kafin ta fita unguwa ta suma. Zaren gilashin nan da ake kira fiba shi ne mai kyau, amma sai an haƙa rami ta gonakin mutum arba'in, kuma garmar shanu ɗaya ta isa ta datse shi. Saura faranti biyu, ɗaya a kan ƙarfensa, ɗaya a kan rufin asibitin, su kalli juna ta iska, babu abin da ya gitta tsakaninsu. Wannan ya zaɓa. Ya hau ƙarfen a watan Agusta, damina ta yi tsakiya, ya hango kwanon asibitin yana ƙyalli ta tsakanin busassun rassan wani icce a kan tudu. Ya ce ai wannan ba komi. Ya ɗaure faranti, rezo ya kama, Rahina ta yi ta sa masa albarka.

To, ga abin takaici. Iccen nan gawo ne, kuma ko yarinyar da ke kai fura gona ta san halin gawo: da damina yake zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai an gama girbi, sauran itatuwa sun fara kaɗewa, sannan shi ya yi lif. Nomau ya san wannan sarai tun yana ƙarami, amma shekara ashirin da biyar na kallon cikin rediyo da salula sun shafe masa. Kuma gawon ba na kowa ba ne, na gonar gidansu ne. Mahaifinsa marigayi ne ya same shi ɗan tsiro bayan yunwar shekarun tamanin, lokacin da ƙasar ta zama fili fetal, ya kewaye shi da ƙaya, ya yi ta faɗa da masu akuya a kansa. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina a gonar, ƴaƴansa kuma su ke riƙe tumakin gidan da rani.

Da aka kai hatsi rumbu, rezon asibiti ya fara yankewa. Nomau ya canza waya, ya canza faranti, ya zagi kamfani a banza. Ran nan da hantsi sai ga Rahina a kan moto mai ƙafa biyu, idonta ja. Ta ce jiya da azahar wata mata mai tsohon ciki ta zo da jijjiga, ta danna kira ya ƙi shiga, ta ruga tudu, kafin mota ta iso ɗan ya tafi. Uwar dai tana da rai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam Nomau, da ka ce mini ba ya aiki, da tun farko na aika mutum tudu." Nomau ya hau ƙarfe. Inda ya saba hango kwanon asibiti, sai kore shar. Nan ya gane, kuma kunya da baƙin ciki suka rufe shi har ya kasa saukowa da wuri.

Ya gwada duk abin da ya sani. Ya sa aka sassare rassa kamar yadda makiyaya ke yi, amma hanyar ta bi ta tsakiyar iccen ne, kuma iccen na kan tudu. Ya je wa maƙeri da maganar ƙara tsawon ƙarfe, maƙerin ya ce iskar damina ta farko za ta kifar da shi kan gidajen mutane. Ya sake auna fiba, ya ga ko masu gonaki sun yarda, aikin sai ya ci wata shida, mata kuwa ba su jira. Ya karɓo takardar izinin sare gawon daga ma'aikatan gandun daji, ya ninke ta a aljihu kwana uku bai nuna wa kowa ba.

Yayansa Faruku, wanda ke noma gonar, da ya ji sai ya tashi tsaye. "Kai da ba ka taɓa ɗora tahin ƙahwarka gonar nan ba tun da Baba ya rasu, yau ka tuna da ita da gatari? Haba Nomau, ka ji tsoron Allah!" Nomau ya ce, "Yaya, laihina ne, ban musa ba." Suka ɗunguma wurin mahaifiyarsu, Inna Hasiya, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gujiya. Ta saurare su duka ba ta daina ɓara ba.

Ta ce, "Matar da ta rasa ɗan, ɗiyar wa ce?" Nomau ya faɗa mata. Ta ce ta san kakarta. Ta tambaya, "In an kada shi, wannan ungozoma za ta ji likita daga cikin ɗaki?" Ya ce za ta ji, Inna. Sai ta kalli Faruku ta ce ya yi haƙuri. Ta juyo ga Nomau. "Amma ba za ka ɗauko ɗan ƙwadago ba. Kai ka yi kuskuren, kai za ka riƙa gatarin."

Ya yi kwana biyu yana sara. Hannun da ya saba da ɗan sukurdireba ya kumbura, ya fashe, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba. Faruku bai taimaka ba, bai kuma tafi ba, yana zaune nesa kaɗan a kan kunya. Da la'asar ɗin rana ta biyu gawon ya yi ƙara ya kwanta, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse. Ba a jima ba salular Nomau ta yi kuka. Rahina ce, daga cikin ɗakin haihuwa, murya garau. Ya ce mata to, ya kashe.

Ya loda amalanke da rassan, don itacen girki ya yi wuya a garin, ya kai ƙofar gida. Inna Hasiya ta fito ta tsaya a zaure.

"Ungozomar ta ji ka?"

"Ta ji, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta dubi amalanken, ta dubi jakin, ta gyara mayafinta. "Juya da shi, ka raba wa wanda ka ga dama. Ni ba ni tuƙa tuwo da wannan."