Durowar Sama

Akwatin baƙi ne, mai tayoyi biyu da mariƙi irin na jakar matafiya, an ɗaure kusurwoyinsa da farin ƙarfe. Oga, maigidana a wannan sana'a, shi ne ya zo da shi daga Kano a shekarun da wayar salula ta shigo Nguru, lokacin da duk mai ɗan hali yake son buɗe shagon intanet. In ka cire murfin gaba, sama akwai gurbin da aka ɗaure na'urar da ke raba intanet ga kwamfutoci, wadda muke gwada aiki da ita kafin a kawo wadda mai shago ya saya. A ƙarƙashinta kuma durowa uku ne, a jikin akwatin aka ƙera su, kowace da ɗan maƙali da ke hana ta zamewa in mota ta faɗa rami. Duk wanda ya jawo akwatin nan daga tasha zuwa cikin kasuwa, injiniya mutane suke ce masa ko da bai san komai ba. Ni na ja shi fiye da shekara, kuma ban taɓa gyara wa kowa kiran ba.

Oga mutum ne mai tsari har ya kan ba ka haushi. Durowar ƙasa ta kaya masu nauyi ce: guduma, ƙusoshi, kilif na manna waya a bango, da injin huda bango. Ya ce nauyi a ƙasa yake zama, in ba haka ba akwatin ya riƙa kifewa. Ta tsakiya ta ƙananan abubuwa ce, sukurori da salatif da kawunan waya, 'yan robobin nan masu haske da ake sa wa bakin waya a cusa a bayan kwamfuta. Ya jera gwangwanayen madara a ciki, kowane da abinsa, har da ɗaya a can ƙurya na zuba guntayen da aka yanke, domin ba ya yarda mu bar wa mai shago shara. Ta sama kuwa ya shimfiɗa mata soso, ya yanka gurbin kowane abu daidai jikinsa: filayar matse kai, abin fere waya, da testa mai 'yan fitilu da ke nuna ko waya ta yi ko ba ta yi ba. A wajen Oga durowarka ita ce matsayinka. Sabon yaro daga ƙasa yake farawa, kuma ba ka sa hannu a durowar da ba a ba ka ba.

Ni a ta ƙasa na fara, a nan kuma na zauna. Na huda bangon da ban san iyaka ba. Na hau tsani da ƙusa a baki har leɓena ya saba da ɗanɗanon ƙarfe. Idan aiki ya yi yawa, Oga yakan ɗauko filayar da hannunsa ya miƙo mini in matse kawuna. Aikin ba wuya a ganina. Cikin kowace waya akwai sirara guda takwas, kowace da launinta, mai ruwan lemo, koriya, shuɗiya, mai ruwan ƙasa, da farare masu zanen waɗannan launukan. Ka jera su yadda aka koya maka, ka tura cikin kan, ka matse. Na haddace jerin kamar karatun allo. Amma da na gama sai Oga ya karɓi filayarsa ya ce, "Madalla, je ka ci gaba da kilif a ɗaya ɗakin."

Sai ga wani yaro ya zo daga Gashuwa, ɗan ƙabilar Bade, ɗan manoman shinkafa, dogo siriri mai yawan murmushi. Tun ranar farko Yaya yake ce mini, ni kuma ɗan Gashuwa nake ce masa. Ni na koya masa riƙon injin huda bango. Ni na nuna masa yadda ake jan waya ta bayan silin ba tare da an taka kwali an zurma ba. Damina ɗaya ba ta cika ba Oga ya ba shi durowar tsakiya, ta wuce ni ina kallo. Kafin a yi girbi ya ce masa, "Buɗe ta sama ka ɗauko testa." A gabana ya faɗa, ina riƙe da guduma.

Ba zan yi wa abin kwaskwarima ba, kishi na yi, irin wanda yake hana mutum cin tuwo. Yadda yake jan durowar nan a hankali da yatsa biyu ma haushi yake ba ni. In ya gama aiki sai ya goge filayar da gefen rigarsa, ya kwantar da ita a gurbinta kamar mai kwantar da jariri. Ni kuma in tsuguna ƙasa ina tsince ƙusoshi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yi mini girman kai ba. Da ya yi, da na samu abin kamawa. Sai dai "Yaya, sannu da aiki," "Yaya, kawo in riƙe maka tsanin." Wallahi wani lokaci in ya ce Yaya ji nake kamar ya zage ni.

Na yi ta neman dalili. Na ce ko don yana jin Badanci da Barbarci, masu shago suna sakin jiki da shi. Na ce ko don yana kawo wa gidan Oga shinkafa. A ƙarshe na yanke cewa Oga bai san yawan aikin da nake yi ba ne, tunda waya ba ta da suna. Sai na ɓullo da dabara. Duk kan da na matse, sai in naɗa ɗan baƙin salatif a wuyansa, don duk wanda ya leƙa bayan kwamfuta ya san aikin wane ne. Oga ya ga salatif ɗin, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Ana nan sai Oga ya samu babban aiki a Kano, ya ce zai koma can da iyalinsa. Ya tara mu a ƙofar shago ya ce akwatin ba zai bi shi ba, zai bar wa ɗayanmu, da masu kiransa na Nguru da Gashuwa har Dapchi. Akwai aikin wani Alhaji a Gashuwa, sabon shago mai ɗakuna biyu, ya ce in an gama shi zai faɗi wanda zai riƙe. Na san abin da hakan yake nufi. Wanda ya samu akwatin ya zama mai gidan kansa. Wanda bai samu ba kuwa ko ya zama yaron ɗan'uwansa ko ya nemi wata sana'a, ga shi kuma a gida an fara yi mini maganar aure.

Muka hau mota da safe, akwatin a but ɗin baya an ɗaure shi da igiya. Bayan mun wuce Jajimaji sai ɗan Gashuwa ya taɓo ni yana nuna gefen hanya, inda aka shanya barkono a fili.

"Yaya, dubi ja kamar an zuba garwashi. Bana an yi barkono."

Na leƙa, na ga shanya dai kamar kowace shanya, launinta bai fi na ƙasar wurin da wani abin kirki ba. Na ce masa ku mutanen Gashuwa komai naku abin kallo ne. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

A shagon Alhaji na yi aiki kamar zan kashe kaina. Na huda, na ja waya, na buga kilif a miƙe kamar an ja da zare. Da Oga ya miƙo mini filaya na matse kawunan ɗaki ɗaya gaba ɗaya, kowane da salatif ɗinsa, sannan aka tura ni ɗaya ɗakin kamar kullum. Bayan azahar Oga ya zauna da Alhaji a waje ƙarƙashin dalbejiya, ɗan Gashuwa kuma ya tafi gidansu ya karɓo mana abinci. Ya bar akwatin a buɗe.

Ban yi niyyar komai ba illa in ja durowar sama sau ɗaya da hannuna, in ji yadda take. Na ja. Sulɓi gare ta, ba ta ƙara irin tawa. Na mayar, na ja ta tsakiya. A can ƙurya, cikin gwangwanin shara, sai na ga baƙin salatif. Na zazzage a tafin hannuna. Kawuna ne aka yanke, kusan rabin na ɗakin da na yi, kowane da alamata a wuyansa. Na leƙa bayan kwamfutocin, na ga sababbin kawuna a wuraren, an ma naɗa musu salatif irin nawa don kada in gane.

Na ce ashe haka ne, ashe mai Yaya a baki shi yake bina yana yanke mini aiki. Abin kunya, har daɗi na ji a ƙasan fushin, don yau na samu abin kamawa. Na fita da gwangwanin a hannu. Allah ya sa Alhaji ya tashi ya shiga masallaci, Oga ne kaɗai a kan benci. Na zube kawunan a gabansa.

"Oga, ga amanar yaronka. Ni ina yi, shi yana yankewa. Shi ya sa na tsufa a durowar ƙasa."

Oga ya dubi kawunan. Sannan ya ce, "Zauna." Na ce ba zan zauna ba. Ya ce, "Zauna mana, ni ne na sa shi."

Na zauna.

Ya ɗauki kai ɗaya daga cikin nawa. Ya laluba aljihunsa ya fito da wata guntuwar waya da yake yawo da ita ta gwaji, mai kai a jiki. Ya haɗa su gefe da gefe, ya ɗaga su a hasken rana, ya ce in duba da kyau in faɗa masa bambancinsu. Na duba. Na karɓa na juya, na matso da su kusa da ido. Na ce babu wani bambanci, jeri ɗaya ne.

"Wannan ta biyun, wane launi ce a naka?"

"Ruwan lemo."

"Koriya ce," ya ce, a hankali. "Ta ƙarshen nan kuma da ka sa a wurin mai ruwan ƙasa, ita ce mai ruwan lemon."

Na sake dubawa. Na rantse da Allah ban ga abin da yake faɗa ba. Ɗaya ta ɗan fi ɗaya duhu, shi ke nan, kuma da wannan duhun nake rarrabe su tun da na fara, ina zaton kowa ma haka yake yi. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda Inna takan mayar da ni kasuwa ta ce wane irin tumatir ne wannan ɗanye shar na kwaso. Yadda ƙannena suke dariyar hular da nake ɗorawa a kan kaftani. Barkonon da aka nuna mini da safe.

Oga ya ce tun watannin farko ya lura. Ya ce akwai masu irin wannan idon, ba ciwo ba ne, ba kuma magani, haka Allah ya yi su. Ya yi ta jira ko hannu zai saba ya rufe wa ido, shi ya sa bai daina miƙo mini filaya ba. Na ce to me ya hana a faɗa mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Nauyinka na ji. Yaya zan dubi saurayi kamarka in ce masa idonsa ba ya gani?" Ya ce salatif ɗin kuwa ba shi ya ce a mayar ba, yaron ne ya ga ina sa alama, ya ce kada Yaya ya leƙa ya ga babu.

Muna cikin haka sai ga ɗan Gashuwa ya dawo da kwanon shinkafa da kifi. Ya ga kawunan a kan benci, ya ga fuskata. Ya ajiye kwanon a hankali ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Da ya yi shiru da ya fi mini. Da kishin aiki ne, da na ce zan ƙara himma in kamo shi. To wannan fa, da me zan kamo shi? Na dubi idanunsa, idanu ne dai irin na kowa, har da ɗan ja na rana, amma shi yana ganin abin da ni ba zan taɓa gani ba, kuma bai sha wahalar komai ba ya same shi. Ban taɓa jin ƙyashin mutum kamar na wannan lokacin ba, kuma ga shi babu laifin da zan ɗora masa.

Da la'asar aka kunna janareta, kwamfutocin Alhaji duk suka kama. Oga ya nufi akwatin. Ya rufe durowoyin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da murfin, ya juya mariƙin wajen ɗan Gashuwa. Shi ya ja akwatin zuwa tasha, ni ina biye da tsani a kafaɗa. Wani mai shayi ya ɗaga masa hannu ya ce injiniya an gama ke nan.

A mota muka zauna kafaɗa da kafaɗa, ni da ɗan Gashuwa. Da muka iso wurin shanyar nan, mata suna kwashe barkonon cikin buhuna. Na ji ya ɗan motsa kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya juya kansa ɗaya gefen. Ni na manna goshina a gilashi, na zura wa barkonon ido har muka wuce, ina neman jan da ya ce.