Bangon Marasa Ido

Ni mutum ce mai karanta bango. Tun da aka ɗauko ni daga Gaffati aka kawo ni Damagaram koyarwa, ban taɓa iya wuce rubutu ban tsaya ba, ko da kuwa na hana fitsari ne. A cikin Birni nake haya, inda tsofaffin gidaje ke ɗauke da zayyanar magina, dagi da takobi da furanni da aka tsara a jikin ƙasa tun kafin a haifi kakata. Waɗannan ba sa tayar wa kowa hankali. Da ka fito Birni ka nufi wajen tasha kuwa, sai bango ya sake baki: kawunan aski a jere, zaki mai haƙoran da suka fi kansa girma, dunƙulen hannu, sarƙa, da sunayen ƙasashen waje da aka fesa da fenti cikin Faransanci karyayye. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in zaro jan biro in gyara musu.

Ban daɗe ba na gane ba ado ba ne kawai. Samarin unguwannin nan suna da ƙungiyoyi da suke kira fale, wato fada a bakin Faransa. Kowace fale tana da rumfarta, da butar shayinta, da ƙarafan ɗagawa da aka zuba wa siminti a gwangwanayen madara. Bango shi ke faɗin inda ƙasar kowa ta tsaya. In ka ga an ja layi da wani launi an soke sunan wata fale, to a kwanakin nan za a ji ƙarar adduna. Masu tuyar ƙosai sun fi kowa iya wannan karatu. Ranar da na ga sun kwashe kaskonsu da wuri, ni ma nakan sake hanya.

A shekarar da gero ya ƙi a gida, Inna ta turo mini autanmu. Yaro ne mai wushirya, da tabo a girar hagu da ya samu garin faɗowa daga aduwa. Wani ya ba shi babur yana kabu-kabu. Da farko yakan dawo da magariba ya ci tuwo ya ba ni labarin fasinjoji har in ƙware don dariya. Daga baya damatsansa suka fara cika riga, maganarsa ta ragu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce zan kai ƙararsa wurin Inna. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, shayi kawai muke sha.” Ni da nake kama ƙaryar yara sittin kullum, wai ni za a gaya wa shayi.

Bangon da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na bayan wani tsohon siton gyaɗa da aka daina amfani da shi. Dogo ne, an shafe shi da shuɗi, an jera fuskokin samari a kai sahu-sahu, kowace da girman faifai. Mai zanen ya iya hannunsa, don kana gani za ka ce wannan ai ɗan gidan wane ne. Wasu idonsu a buɗe, wasu an ja musu baƙin layi a madadin ido kamar masu barci, amma yawanci babu komai a gurbin, fili ne kawai launin fata. Ranar farko dariya na yi. Na ce a raina gwanin ya kai ido ya gaji.

Wata la’asar na same shi a kan tsani, siririn mutum mai ɗingishi, rigarsa ta zama allon gwajin launi. Na yi sallama na ce, “Malam mai zane, fentin ido ne ya yi tsada?”

Bai yi dariya ba. Ya sauko ya goge hannu, ya ce mahaifinsa magini ne a Birni, kuma ya yi masa kashedi tun yana yaro kada ya kuskura ya cika surar mai rai, don ranar gobe za a ce ya hura mata numfashi. Shi ya sa da ya fara zana abokansa sai ya riƙa barin ido. Daga baya samarin fale suka mayar da abin al’ada. Duk wanda zai tafi arewa, ko haƙar zinari ko Libiya, sai a zana shi babu ido. In ya dawo, shi da kansa zai hau tsani ya ɗiga wa kansa, alhakin a wuyansa. A nan suke cewa wane ya karɓi idonsa.

Na nuna masu baƙin layin na ce, “Waɗannan fa?”

Ya ce, “Madam, waɗannan ni nake rufe musu.”

Na kama hanyar gida. Ban sake yi wa bangon dariya ba, amma ban daina bi ta wurin ba.

Bayan girbi, wata safiya ina sauri zuwa lakwal, makarantar da nake koyarwa, na ɗaga kai na ga sabuwar fuska a sahun ƙasa, fentin bai gama bushewa ba. Baki a ɗan buɗe da wushirya. Tabo a girar hagu. Autanmu ne. Ban san yadda na koyar a ranar ba. Da na koma gida na tarar da shi zaune yana wanke takalmi, na tsaya a kansa na ce, “Wato sai bango ne zai gaya mini?”

Ya ce, “Ashe kin gani, Yaya.”

Na zage shi, na yi kuka, na riƙe masa riga kamar mahaukaciya. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce gona ba ta ci da kowa ba bana, babur na wani ne, kuma abokansa duk sun yi gaba. Bai je Gaffati sallama ba, don ya san in ya ga idon Inna ba zai iya ba. Ni ya bar wa wannan aikin. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma har yau ina kewarsa kamar in yi ihu.

Da farko saƙon murya yana zuwa. Ya isa Agadas, ya wuce, ruwa na da gishiri, aikin akwai wuya amma da sauƙi. Sai saƙon ya fara jinkiri, sai ya tsaya. In na kira, muryar wata mata ta kamfanin waya ce ke amsa mini da Larabci.

A lokacin ne na gane amfanin bangon. Waɗanda ke can ba sa kiran uwayen mutane in abu ya faru, abokansu na fale suke kira. Su kuma na fale, da duk damatsan nan nasu, babu mai ƙarfin zuciyar da zai yi sallama a ƙofar gida ya faɗi. Sai su gaya wa mai zane. Na ga wata mai fura ta zo wucewa da ƙwarya a ka, ta ɗaga ido kamar yadda ta saba, ta ga an ja wa ɗanta layi. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Samarin da ke rumfa suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan kowace safiya sai na bi ta siton. Tun daga kwanar titin nake fara hango fuskarsa. In na ga fili a gurbin idonsa sai in ce alhamdulillahi, in wuce. Ni da nake ƙorafin aikin da ba a gama ba, na koma roƙon Allah kada a gama wannan.

Na yi kuskuren ba Inna labarin bangon, ko kuwa ba kuskure ba ne, ban sani ba. Tun daga ranar in na kira ta a wayar maƙwabci ba ta tambayar ko ya yi magana. Cewa take, “Ya bango?” In ce, “Yana nan, Inna.” Damina biyu muka yi a haka.

Sai wata rana ta hau mota ta zo, ba sanarwa, ta ce in kai ta. Inna ba ta son hoto, ko na katin zaɓe sai da aka yi da gaske. Muka isa da hantsi. Mai zane yana wurin, zaune a gindin tsani, samari kaɗan a rumfa. Da suka gan mu da tsohuwa sai aka kashe waƙar da ke tashi a waya. Ba sai na nuna mata ba. Ta bi sahun da ido, ta tsaya daidai kansa, ta kai hannu ta shafa tabon girar.

Ta daɗe a haka. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan tandun kwallinta. Ta tsoma tsinken kwallin, ta ja masa a gurbin dama, sama da ƙasa, ta ja a na hagu, a nutse, kamar yadda take yi masa yana jariri a kan cinyarta. Ba ta ɗiga ƙwayar ido ba, ba ta rufe ba. Ta ce, “An ce can rairayi ne. Kada ya shige masa ido.”

Wani ƙaton saurayi a rumfa ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka tausayin tsohuwa ne. Sai da na sunkuya zan ɗauko wa Inna takalminta da ta cire, na ga abin da ke bayan ƙafar mai zane. Ƙaramin gwangwani ne a buɗe, baƙin fenti, da siririn buroshi a ciki, jiƙe. Na duba bangon daga farko har ƙarshe. Babu sabuwar fuska, babu sabon layi. Tsanin kuwa a gefe yake jingine, don sahun ƙasa ba ya bukatar tsani.

Na matsa kusa da shi na ce a hankali, “Wannan na wane ne?”

Ya sa ƙafarsa mai ɗingishi ya tura gwangwanin baya. Bai dube ni ba. Ya ce, “Madam, ki bari Inna ta koma gida tukuna.”

Na kai ta tasha da azahar. Na saya mata biredi da goro, na gyara mata mazauni kusa da taga. Tana ta murna, wai ashe mai zanen ya fito da wushiryar daidai.

Tun daga ranar ta bayan kasuwa nake bi zuwa lakwal, hanya mai nisa, inda bango babu komai sai tallan sabulu. Babu wanda ya yi sallama a ƙofata, ni ma ban je na tambaya ba. Ran Juma’a nakan kira Gaffati, a kai wa Inna waya, mu gaisa, ta ba ni labarin awaki. Sai ta ce, “Ya bango?”

In ce, “Yadda kika bar shi na bar shi, Inna.”