Takun Inna Hansai da Waya Ta Kasa Ƙirgawa

Kakarmu Inna Hansai mutuniyar Ɗankaza ce, ta fi shekara hamsin tana kai man gyaɗa Wudil a ka. Kwano take cikawa har baki, ta rufe da faifai, ta aza a gammo, ta kama hanya.

Bara da hawan jini ya taso mata, likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai da tafiyar ƙafa kullum. Autanta Tasi'u, malamin makaranta a Kano, bai yarda har yanzu tana taka wannan nisa ba, ya ɗauka babur take hawa. Ya kawo mata waya mai ƙirga taku, ya ce in mako ya zagayo ba ta nuna tafiya ba, Kano zai tafi da ita ya sa mata ido.

Inna ba ta son Kano. Awakinta suna nan, kabarin mijinta Malam ma yana nan. Ta naɗe wayar a tsumma ta ɗora kan faifai, don a wurinta duk abu mai daraja a ka ake ɗaukarsa.

Da mako ya cika Tasi'u ya duba. Taku ɗari biyu da 'yan kai.

"Haba Inna, ai ko kaza ta fi ki yawo."

"Kai Auta, da ni da wayarka wa ya fi sanin hanyar Wudil?"

"Waya ba ta ƙarya, Inna."

"To gobe ka nemi takalmi mai ƙwari."

Da safe ya bi bayanta, tasa wayar a aljihu, tata a kan faifai. Tun ba su hango gari ba gumi ya jiƙe masa riga. Yana kallonta: ƙafafu na ta aiki, ƙugu na juyawa, amma daga wuya zuwa sama kamar an dasa ta.

A bakin kasuwa suka duba. Tasa ta ƙirga dubu tara da wani abu, tata talatin da ɗaya. Ashe girgizar jiki waya take ji, kan Inna kuwa ba ya girgiza. Ya ɗaga faifan, ko ɗigon mai bai taɓa shi ba.

Ya mayar da faifan. "Ikon Allah! Inna, yaushe kika koyi wannan?"

"Tun ranar da na ɓarar da na Gwaggo, ina 'yar shekara tara. Matsa, kana tare mini ciniki."

Da la'asar ya hau motar Kano shi kaɗai, yana ɗingishi.