Takardu Huɗu a Aljihun Baba Brimah

Da an sallame Asuba a unguwar Aboabo ta Kumasi, kafin masu koko su gama hura wuta, sai ka ji an ƙwanƙwasa lasifika sau uku da yatsa. Baba Brimah ke nan, mai shelar unguwa. Shekara talatin da ɗaya yana shiga 'yar rumfarsa ta katako ya sanar da wanda ya rasu, da wadda ta haihu, da wanda sansa ya tsinke a kasuwar shanu. Bai taɓa shelar mutuwa ba sai ya taka ya ga gawar da idonsa. Shi ya sa in ya faɗi abu, an gama magana.

Sau ɗaya tak ya faɗi abin da bai gani ba. Wani mai kwat ne ya kawo masa takarda: za a faɗaɗa filin jirgi, miliyan kaza, shekara biyu a gama, maniyyata su tashi daga nan Kumasi, ba sai sun je Akra ba. Ya karanta da Hausa, ya maimaita da yaren Twi.

Mma Hadija mai wake da shinkafa, tsohuwar da ke shirin Hajji a shekarar, ta dogara sanda har rumfarsa.

"Brimah, gaskiya ne?"

"Mma, ga hatimi a jiki."

"Ba hatimi na tambaya ba. Kai ka ce?"

"Na ce."

"To, na fasa bana. Bayana ba zai iya motar Akra ba. Zan jira na gida."

Takarda ta biyu ta zo, kuɗi ya hau, rana ta matsa. Ta uku ma haka, wai siminti ya yi tsada, wai dala ta tashi. Oho dai! Ba wanda ya zo ya dubi idon Mma Hadija sai Brimah, duk safiya in zai wuce bakin tukunyarta. Ita ko sai ta gaishe shi kamar kullum, kuma wannan ya fi ci masa rai.

Ranar da ta huɗu ta iso, ranar Mma Hadija ta cika. Ya je ya gani, ya dawo ya yi shelar jana'iza. Sannan ya zaro takardun nan huɗu, ya karanta su a jere, kowace da kwanan watanta da adadin kuɗinta. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba sai wannan: "Jama'a, ni na ce mata ta jira. Ku yafe mini."

Kafin sati, an ce sandar lasifikarsa ba ta da izini, aka sauke ta.

Baba Brimah, kai ne ka nemi gafara a kan ƙaryar da ba kai ka rubuta ba. Waɗanda suka rubuta ta har gobe suna gaban kyamara suna murmushi, wallahi ko kunya babu. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma masu riƙe da makirufo, ku riƙa takawa ku gani kafin ku ce.

Yanzu yana zaune ƙofar gida, takardun na aljihunsa. In jirgi ya wuce ta saman Aboabo kowa sai ya ɗaga kai, ban da shi.