Kiɗan da Ya Cinye Kunnen Kawu

Akwai wani mai ƙera ƙofofi a bakin hanyar da nake bi zuwa kasuwa. Duk sanda ya ɗora injinsa a kan ƙarfe, ƙarar ta tashi tana tsaga iska, mutane sukan toshe kunne su ƙara sauri. Ni kuwa sai ƙafata ta yi nauyi. Ƙarar nan takan mayar da ni tsakar gidanmu na unguwar Dagmanet a Agadas, ina yarinya, a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, kuma kafin in isa rumfar masu tumatir raina ya gama ɓaci. Bari in gaya muku dalili.

A gidan kakata muka tashi, wadda ta haifi mahaifiyarmu. Babanmu yana aiki can arewa wajen haƙar ma'adinai, sai jefi-jefi muke ganinsa. Namijin gidan shi ne kawu, autan kaka, makanike ne, yana da rumfar kwano a ƙofar gida inda yake gyaran motoci. A wancan zamani nasaru kan ratso hamada da tsofaffin motoci su sauka Agadas, kuma kusan duk wadda ta iso sai ta iso tana tari. Kawu ba ya saurin buɗe inji. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya nuna da yatsa inda ciwon yake.

Wani nasara mai dogon gashi ya daɗe a wurinmu saboda ƙarfen da motarsa take bukata sai an kawo daga Yamai. Yana yawo da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto, ya ce fim yake yi, na ƙashin kansa, babu kamfani a bayansa, babu 'yan wasa. Mun gan shi ya tsaya yana ɗaukar inuwar katanga har hantsi ya wuce. Mun gan shi yana bin wata akuya da take cin kwali. Mu da muka saba da fim ɗin Indiya da na karate a sinima, abin ya ɗaure mana kai. Da aka yi wa kaka bayani sai ta ce, "Ba rawa, ba faɗa, ba mai son wata? To wa zai zauna ya kalla?" Ranar da ya so ya ɗauke ta a layin rabon jar dawa kuwa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa kawu ya gaya masa in yunwa yake so ya sani, ya zo ya ci tuwon da mu.

Ya zo ya ci, a gaskiya, har ya suɗe hannu. Da zai tafi ya bar wa kawu wani akwati cike da kaset, da littattafan Faransanci waɗanda bangonsu duk jini ne da haƙora.

Ban taɓa jin irin wannan kiɗa ba. Kawu ya jona rediyonsa da batirin mota, ya danna, sai rumfar ta ɗauki rawa. Gita tana kuka kamar ana zarta kwano, ganguna suna gudu kamar ana korar su, ga wani ƙato yana ihu har jijiyar wuyanka ta yi maka ciwo. Kaka ta fito daga ɗaki da carbinta a hannu.

"Wannan wa ake yankawa?"

"Inna, waƙa ce fa."

"To, Allah ya ba shi lafiya."

Kawu bai iya karanta sunayen makaɗan ba, sai muka raɗa musu namu daga hoton bango. Akwai masu ƙoƙon kai, akwai masu babur, akwai wani da yayata ta sa wa suna mai kukan bunsuru. Kawu yana da ra'ayi a kan kowanne. Ya ce mai gangar masu ƙoƙon kai ya san aikinsa, ba ya tsallake ko bugu ɗaya, kamar injin da aka daidaita. Masu babur kuwa hayaniya ce kawai, ba su da hannu. Ni nake mayar masa da zaren kaset da ɗan tsinke in ya harɗe, kuma ni kaɗai ce a gidan nake bayansa. Har yau in za a tambaye ni zan ce kiɗan yana da daɗi. A shekarar da kowa yake magana ƙasa-ƙasa, an samu mutum ɗaya a rumfarmu yana ihu son ransa.

Littattafan kuwa yayata ta kwashe, don ita ce ta yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Bayan la'asar, muna tsince tsakuwa daga dawa, sai ta riƙa juya mana su da Hausa. Gawa ta tashi daga kabari, wani gida ya ƙi barin masu shi su fita, wani abu yana numfashi a bayan ƙofa. Ni nakan matsa jikin mahaifiyarmu. Kaka takan saurara har ƙarshe, don tana son labari, sannan ta taɓe baki ta ce, "Mutum ya ƙoshi, ya rufe ƙofarsa, sannan ya je ya sayo tsoro a takarda." Tana faɗar haka ne alhali in iska ta juyo daga bayan gari warin mushe take kawo mana.

Domin fari ya yi tsanani. Ƙoramar da takan cika da damina ta zauna yashi zalla. Makiyaya sun gangaro daga duwatsu da daji, sun kafa 'yan tsummokara a gefen gari, mutanen da a da suke shigowa kasuwa da cuku da gishirin Tegidda a kan raƙuma, kai a sama. Na ga mace tana kwance azurfar wuyanta don mudun dawa. Ita jar dawar ma da ake rabawa, in an tuƙa ta sai ta ƙi haɗuwa, ta sa ciki ya yi ta murɗa. Sojoji ne ke mulki. Rediyo tana cewa komai yana hannu, mutane kuma suna waigawa kafin su ce wayyo. Ana raɗe-raɗin cewa wasu kaset suna shigowa daga ƙetaren iyaka, na samarin makiyaya da suka yi gudun fari, suna kaɗa gita suna waƙar baƙin cikinsu da harshensu na Tamashek. An ce duk wanda aka kama da irinsu ya shiga uku.

Muna da wani maƙwabci, ɗan aike ne a wata ma'aikatar gwamnati. Katanga ɗaya ta raba mu. A rumfar kawu yake shan shayi, a kwanonmu yake sa hannu, kaka yake kira Inna. Shi ne wata rana, suna zaune a wurin aikinsu ana hirar waɗannan kaset, ya ce ai shi ma a maƙwabtansa akwai wani kiɗan gita da ake sa wa kullum, wa ya san abin da suke faɗa a ciki. Iyakar abin da ya ce ke nan, in ji shi. Ya faɗa ya kurɓi shayinsa ya manta.

Da hantsi sojoji suka zo, cikin babbar mota. Kawu yana ƙarƙashin wata mota, da ƙafa suka jawo shi. Suka juye akwatin a ƙasa, suka ga ƙoƙunan kai da wuta a bangon kaset, sai suka dubi juna kamar sun kama ɓarawo da kaya a hannu. Suka shiga har ɗakinmu na mata suka birkice tabarmi. Littattafan yayata ma ba su bari ba. Ta yunƙura za ta yi magana, mahaifiyarmu ta damƙe mata hannu har shatin farce ya fito. Aka jefa kawu a bayan mota, hannunsa duk baƙin mai, takalminsa ɗaya a ƙofar gida. Maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Babu wanda ya fito.

Washegari kaka ta sa aka zuba tuwo a kwano, ta ce in ɗauko mata tabarma. Muka taka har ƙofar bariki. Ta shimfiɗa tabarmarta a tsallaken hanya, inda babu ko inuwar kara, ta zauna ta fuskanci ƙofar. Wani soja matashi ya zo ya ce, "Tsohuwa, tashi daga nan."

Ta ɗaga kai ta dube shi. "Ɗana, rana ce kawai a nan. Ita ma ta gwamnati ce?"

Ya juya ya koma bakin ƙofar. Kwanon kuwa sun karɓa, sun dawo da shi wayam, muka yi ta murna cewa kawu ya ci. Haka muka yi ta zuwa kullum har leɓen kaka ya tsattsage. Sai daga baya muka ji ko loma ɗaya ba ta kai gare shi ba.

Abin da ya faru a ciki, a gutsure muka same shi, don kawu bai taɓa zama ya ba da labarin a jere ba. Sukan zaunar da shi a ƙasa, su sa kaset, su bar ƙaton nan ya yi ihu, su tsayar, su ce, "Fassara." Ya ce bai iya ba, Ingilishi ne, shi ko Faransanci na gyaran mota kawai ya sani. Sai a tafa masa hannu biyu a kunnuwa. Akwai wani soja a cikinsu da yake jin Tamashek, ya ce wallahi wannan ba harshensu ba ne. Aka ce masa ba a tambaye shi ba. Da azaba ta yi yawa, kawu ya ga gara ya ƙirƙiro wani abu ko a ƙyale shi. Ya faɗi abin da ya fara zuwa bakinsa. Ya ce, "Cewa yake yunwa yake ji."

Babban nasu ya miƙe tsaye. "Au, wato akwai yunwa a ƙasar nan?"

Dukan ranar ne ya fasa masa kunnen dama.

Kun san yadda aka sake shi? Ba zaman kaka a rana ba ne, ba kuma don wani ya ji kunya ba. Wani hafsa ne da ya yi karatu a ƙasar waje ya shigo, ya ji kaset ɗin, ya fashe da dariya. Ya ce ai ya san waɗannan makaɗa, yana ma son su, a saki yaron. Kaset ɗin kuwa ya kwashe abinsa. Bayan haka mutane sun sha jin kiɗan kawu yana tashi daga motar hafsan in ya wuce ta gaban babban masallaci, gilashi a buɗe, yana kaɗa kai. Har yanzu ban manta dariyar nan ba.

Kawu ya dawo yana tafiya a karkace, ruwa yana fita daga kunnensa. Na dama ya mutu ɗungum, na hagu ya rage kaɗan. Makanike kuwa da kunne yake cin abinci. Na gan shi ya sa an tayar da mota, ya karkata kai yadda ya saba, ya daɗe a haka, sannan ya ɗora tafin hannu a kan injin ko zai ji da fata. Masu motoci suka fara wucewa gaba. A ƙarshe facin taya ya koma yi. Yayata ba ta ƙara ba mu labari ba, ko an roƙe ta.

Maƙwabcin ya shigo jaje da ƙullin sukari. Ya durƙusa a gaban kaka yana murza hula. "Inna, wallahi hira ce kawai na yi. Ban san za ta kai haka ba."

Kaka ta tura masa sukarinsa da bakin sanda. "To tashi ka je ka yi masa hirar. Ka zauna ta damansa."

Yau abubuwa sun sauya, ba na musu. Gitar da ake kama mutane a kanta ita ake kaɗawa a kowane biki a Agadas, manya suna gaba-gaba da babbar riga suna tafi. 'Ya'yana suna kwance da waya a hannu suna yanke hukunci: wannan makaɗi ya iya, wancan shirme ne, wannan fim barci yake sawa, wancan littafi ko yaro ba zai tsorata ba. Ina jin daɗin ganin bakinsu a sake. Amma sojoji sun tafi sun dawo a idona ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa jin an aiko ko da yaro ya ce wa kawu a yi haƙuri ba. An share zancen kamar an share tsakar gida.

Bara maƙwabcin nan ya rasu. Kawu, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya shiga cikin masu ɗaukar makara har maƙabarta. Da ya dawo na kai masa ruwa, na zauna ta hagunsa, na ɗaga murya yadda muka saba yi masa magana. Na ce, "Kawu, har da kai a ɗaukarsa?"

Ya sha ruwan a hankali, ya ajiye kofin. Ya ce, "Shi ɗin ya tsufa yana sunkuyar da kai duk sanda muka haɗu. Waɗanda suka buge ni kuwa ko fuskata ba za su gane ba. Da wanne kike so in yi fushi?"

Na ce da dukansu. Bai ji ba, ya ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka waigo.