Allon da Na Yi wa Ado

Ni ba mai fita ba ce, ko a ƙuruciyata. Duniyata daga madafi zuwa bayan zaure ta tsaya, sai dai kunnena yakan kai kasuwar Illela ya dawo. A lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba, mu muka faɗa hannun Ingilishi, danginmu na Ƙonni suka faɗa hannun Faransa, kowa yana tauna magana kafin ya furta.

Maigidana yana da 'yar rumfa a bakin hanyar Ƙonni, yana sayar da butoci da allura da zare. Da ita muke ci, ba mu da gona. Ya je Sakkwato ya ga wani kanti da allo a goshinsa, ya dawo ba shi da zance sai allo. Ya sa aka sassaƙa masa katako, ya kawo mini ya ce in yi masa ado irin na bangon ɗakina. Na ji daɗi ƙwarai. Na shafa shuni a gefe guda, farar ƙasa a tsakiya, jar ƙasa a ɗaya gefen, shi kuma ya zana buta da tawada a kan farin.

To, ba a rataya komai a bakin hanyar nan sai mai unguwa ya gani ya kai wa hakimi. Maigida ya aika da goro, da hantsi mai unguwa ya zo zaurenmu tare da dogarin hakimi. Ina bayan zana ina tsince wake. Na ji gaisuwa, na ji dariya, na ji an kwance tabarmar da aka naɗe allon a ciki. Daga nan dariyar ta yanke. Sai na ajiye faifai.

Dogari ya ce, “Wa ya ba ka wanga?”

Maigida ya ce, “Mi?”

“Tutar Faransa ta, irin wadda ke bisa barikin Ƙonni. Ita za ka rataya a hanyar da Joji zai biyo jibi?”

Joji shi ne Baturen da ke zuwa rangadi. Ni kuwa ban taɓa ganin tutar kowa ba.

Suka tafi da maigida fada, da allon. Da la'asar mai unguwa ya dawo shi kaɗai, ya tsaya a zaure ya ce a gaya wa mutan gida an rufe rumfa. In ta tabbata wani ne daga ƙetare ya sa shi, za a karɓe wurin a tura shi Sakkwato. Ga shi mahaifiyarsa 'yar Ƙonni ce, abin da ya ƙara dagula lamarin. An tambaye shi wanda ya shafa, ya ce shi ne. Ba ya iya ambaton matarsa a gaban fada, kunya ce.

Ban taɓa yi wa mai unguwa magana ba, amma na matso jikin zana.

“Baba, gafara dai. Ni na shafa. Adon ɗakina ne.”

Ya juyo wajen zana. Ya ce, “'Yar nan, faɗi ba ya isa. Sai an gani, kuma namiji ba ya shiga ɗakinki.”

Washegari sai ga jakadiyar hakimi, wata tsohuwa mai kaifin ido. Ko ruwa ba ta karɓa ba. Ta shiga ɗakina ta tsaya gaban bango, ni ina bayanta. Ta sa farce ta kankare shunin, ta duba ko sabo ne aka yi jiya don a ɓoye laifi. A ƙarƙashinsa ta tarar da na bara, hayaƙi ya dafe shi, a ƙarƙashin wannan kuma na shekarar da aka kawo ni.

“Ke, ina kika koyi wanga?”

“Inna, wurin kakata. Haka nata ɗakin yake.”

Ta kakkaɓe yatsunta ta ce, “To, kakarki ta riga Turawa. Sai dai su ke da bindiga.” Sai a lokacin ta ce in ba ta ruwa.

Kafin azahar maigida ya shigo da allon a ka. Hakimi ya yarda a rataya, amma fari fat, buta kawai, kuma a gama kafin Joji ya iso. Ya ajiye mini allon a bakin madafi a hankali.

Jar ƙasa ta fita da wanki ɗaya. Shuni kuwa ya riga ya kama katako. Sau uku na bi shi da farar ƙasa kafin ya ɓuya. Aka rataya, Joji ya wuce a kan dokinsa ko kallo bai yi ba.

Amma duk damina ruwa yakan wanke farin, shuɗin ya leƙo. Da na ji masu wucewa suna cewa Joji na tafe, sai in jiƙa farar ƙasa in ajiye, don na san kafin rana ta faɗi maigida zai shigo da allon a naɗe cikin tabarma.